Tiyatar ƙwaƙwalwar birin mamoset: taswira ko hoton MRI, allura ko iskar barci?

Birin mamoset, wanda asalinsa arewa maso gabashin Burazil ne, idan ya girma nauyinsa bai cika wuce giram 300 zuwa 450 ba. Ƙwaƙwalwarsa kimanin giram 8 ce, tsawonta santimita 3 da 'yan kai. A cikin wannan ɗan abu ne mai bincike yake son kai bakin allura ko wayar naɗar motsin jijiyoyi zuwa wani gurbi da faɗinsa wani lokaci bai kai milimita 2 ba, sannan dabbar ta farfaɗo lafiya ta koma wurin abokin zamanta. Duk ɗakin binciken da zai shiga wannan aiki sai ya yanke shawara biyu: da me zai gane inda zai nufa, da me kuma zai sa dabbar barci. An saba tattauna su daban-daban, mai tiyata da nasa lissafin, likitan dabbobi da nasa. A ganina shawara ɗaya ce. Kowane hoto da aka ƙara ɗauka, barci ne aka ƙara ɗora wa dabbar, kuma maganin da aka zaɓa shi zai faɗi tsawon lokacin da za ta iya jurewa a cikin na'ura ko a kan tebur.

Dalilin da ya sa ake rububin wannan biri ba ɓoyayye ba ne. Yana haihuwar tagwaye, cikinsa bai wuce wata 5 ba, yana balaga a kusan shekara ɗaya da rabi. A 2009 Erika Sasaki da abokan aikinta a Japan suka samar da mamoset da aka sauya wa ƙwayoyin gado har suka gadar wa 'ya'yansu, a 2014 kuma Japan ta ƙaddamar da shirin Brain/MINDS wanda ya ɗora mafi yawan nauyinsa a kan wannan biri. Ga mai tiyata, babban abin sha'awa shi ne ɓawon ƙwaƙwalwarsa, wato shimfiɗar da ta rufe samanta, sumul yake, lanƙwasarsa kaɗan ce. Yankin MT mai lura da motsin abin da ido ya gani, wanda a birin makak, wani biri mafi girma da ake bincike da shi, yake binne cikin tsagi, a mamoset yana shimfiɗe a sarari ƙarƙashin ƙashi.

Da taswira kaɗai

Tsohuwar hanya ita ce wadda Victor Horsley da Robert Clarke suka bayyana a Landan a 1908, kuma a kan birai suka fara ta. Ana ɗaure kan dabbar a firam: sanduna biyu cikin kunnuwa, wasu biyu a ƙasan kwarmin idanu, ɗaya a ganɗa. Layin da ya haɗa kunnuwan shi ne sifili. Daga nan sai a buɗe taswirar ƙwaƙwalwa a karanta cewa gurbi kaza yana milimita kaza gaba, kaza gefe, kaza sama. Ga mamoset, taswirar da George Paxinos da abokan aikinsa suka fitar a 2012 ita ce aka fi ɗauka a hannu.

Amfanin wannan hanya a fili yake. Ba ta buƙatar na'urar hoto, ba ta buƙatar ƙarin barci kafin ranar tiyata, kuma ɗalibi zai iya koyonta cikin ɗan lokaci. Matsalarta ita ma a fili take: taswira hoton ƙwaƙwalwar wani biri ne, ba wanda ke kwance a gabanka ba. An kashe shi, an daskarar da ƙwaƙwalwar da sinadari, an yayyanka ta, kuma wannan aikin da kansa yana sa nama ya ɗan tsuke. Su kuwa mamoset ba kamar ɓerayen ɗakin gwaji ba ne da aka haɗa jininsu zuriya bayan zuriya har suka zama kamar an buga su a inji guda. Kan wannan ya fi na wancan tsawo, ramin kunnen wani ya ɗan fi na wani sauka. Wanda ya saba da ɓera yakan dogara da mahaɗar ƙasusuwan saman kai don ya san inda yake, amma a birai wannan mahaɗar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, don haka ba abin riƙewa ba ce.

Akwai kuma kuskuren da ba na taswira ba ne, na hannu ne. A ce sandar kunne ɗaya ba ta zauna daidai ba, kan ya karkace da digiri 5. Da ido ba lallai a lura ba, musamman bayan an lulluɓe dabbar da zanen tiyata. To, idan allura za ta nutsa milimita 10, wannan ɗan karkacewar ta kautar da bakinta kusan milimita 0.9. Idan gurbin da ake nema wani ɓangare ne mai faɗin milimita ɗaya da rabi na talamus, wanda ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, an riga an fita daga cikinsa. Abin takaicin shi ne ba za a sani ba sai bayan watanni, ranar da aka yanka ƙwaƙwalwar aka duba a madubin ƙara girma, bayan an gama horar da dabbar an tara bayanai a kanta.

Duk da haka ban yarda a jefar da taswira ba. Idan abin da ake nema yanki ne mai faɗi a saman ɓawo, kamar yankin gani na farko ko yankin motsa gaɓoɓi, kuskuren rabin milimita ba ya ɓata komai. Sau da yawa ma ana iya tabbatar da wurin a kan tebur: a saurari amsar jijiyoyin da waya, ko a ɗan taɓa wurin da lantarki mara ƙarfi a ga wace gaɓa ta motsa. Wasu ɗakunan bincike da suka daɗe suna aiki a gaban ƙwaƙwalwa suna gyara lambobin taswira nan take ta hanyar auna zurfin ƙwaƙwalwar kowace dabba zuwa gindin ƙoƙon kai. Gogaggen hannu yana rufe gibi mai yawa. Sai dai sabon ɗakin bincike ba shi da wannan hannun tukuna, kuma dabbobi ne za su biya kuɗin koyonsa.

Da hoton dabbar kanta

MRI, hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, yana nuna nama mai laushi: iyakar farin nama da toka-toka, ramukan ruwa, manyan jijiyoyin jini, da gurbin da ake nema in ya kai girman da za a gani. Wasu salon ɗauka ma suna fito da yankunan ɓawo masu kaurin rufin jijiya, har a ga MT ya fito kamar tabo ba tare da an buɗe kai ba. A 2016 Inaki-Carril Mundinano da Paul Flecknell da James Bourne suka wallafa cikakken tsarin tiyata da jagorancin MRI ga mamoset manya da jarirai, kuma daga lokacin hanyar ta ƙara samun karɓuwa.

Amma hoto shi kaɗai ba ya kai allura ko'ina. Dole a haɗa abin da aka gani a kwamfuta da ma'aunin firam. Hanya ta farko ita ce a ɗauki hoton dabbar tana cikin firam ɗin da ba ƙarfe a jikinsa, sandunan kunnen kuma an cika su da abin da ke haske a hoto, ta yadda sifilin zai fito ƙarara. Ta biyu ita ce a manna alamomi masu haske, ko da ƙwayar bitamin E ce, a wuraren da za a sake ganowa ranar tiyata. Ta farkon ta fi inganci idan za a wuce da dabbar kai tsaye daga na'ura zuwa tebur ba tare da an kwance ta ba, domin sifili bai motsa ba. Farashinta shi ne barci mai tsawo: hoto, tsara hanya, sannan tiyata, duk a zama ɗaya. Idan kuma aka raba, hoto yau tiyata bayan mako ɗaya ko biyu, mai tiyata ya sami natsuwar tsara hanyarsa ya kauce wa jijiyoyin jini, dabbar ta huta tsakani, amma an yi barci biyu, kuma an dawo da tsohon haɗarin nan na mayar da sandunan kunne ba daidai yadda suke a karon farko ba.

Ƙarfin maganaɗisu, wanda ake aunawa da tesla, shi ma zaɓi ne. Na'urorin asibiti masu tesla 1.5 ko 3 an gina su don kan mutum, saboda haka sai an samo ƙaramar na'urar karɓar sigina da ta dace da kan mamoset kafin hoton ya yi amfani. Na'urorin ƙananan dabbobi masu tesla 7 ko 9.4, irin wadda masu bincike ke amfani da ita a Jami'ar Western ta Kanada, suna ba da hoto mai tsananin kaifi, amma raminsu ƙunci ne, ba kowane firam ke shiga ba. Kuma MRI yana da halin ɗan murɗe siffar abu, musamman kusa da iska ko ƙarfe, ga shi ramin kunne, inda sifili yake, iska ce a cikinsa. Hoto mai kyau a ido ba shi ne hoto mai gaskiyar awo ba. Wanda bai taɓa auna na'urarsa da wani abin gwaji mai sanannen girma ba, bai san yawan murɗewar da yake aiki da ita ba.

CT, hoton da ake haɗawa da hasken X-ray, akasin haka yake. Ƙashi yake gani sosai, awonsa amintacce ne, ana gamawa cikin 'yan mintoci, don haka barcin gajere ne. Cikin ƙwaƙwalwa kuwa kusan duhu ne a wurinsa. Inda yake da rana shi ne dashe: maƙalin kai, ɗan akwatin naɗar sigina, tagar gilashi. Ƙoƙon kan mamoset a wurare da dama kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba, sukurun da ya ɗan zarce zai taɓa tantanin ƙwaƙwalwa. Da CT za a san inda ƙashi ya fi kauri, a kuma ƙera dashen da ya kwanta daidai da kan wannan dabbar da na'urar buga abubuwa mai fuska uku. Yana kuma fallasa raunin ƙashi, abin da ba baƙo ba ne a mamoset saboda yawan buƙatarsu ga bitamin D3. Bayan tiyata ma, CT ne hanya mafi sauƙi ta ganin inda waya ta tsaya. Idan aka ɗora shi a kan MRI da manhajoji irin su 3D Slicer, kowanne ya rufe wa ɗan'uwansa asiri: ɗaya ya ba da ƙashi da awo, ɗayan ya ba da nama. A tuna tun wuri cewa kayan dashen za su yanke hukunci kan hotunan gaba. Taitaniyam ba ya manne wa maganaɗisu amma yana ɓata hoton da ke kusa da shi, robar PEEK da sukurorin yumɓu sun fi dacewa idan za a koma MRI.

Tsarin jagora da kyamara mai bin kan dabba da kayan aiki, irin Brainsight, yana ba da damar shiga ta kowace kusurwa ba tare da an ɗaure wa firam kai ba. A makak, mai ƙwaƙwalwar da ta ninka ta mamoset fiye da sau 10, yana da amfani ƙwarai. A mamoset kuwa kuskuren da ba a damu da shi a babban kai ba yana iya cinye gurbin gaba ɗaya, don haka ba zan sa shi a sahun farko na abin da sabon ɗakin bincike zai saya ba.

Abu ɗaya ba hoton da ke magance shi: da zarar an buɗe tantani ruwan ƙwaƙwalwa ya tsiyaye, ƙwaƙwalwar takan ɗan zauna, ko ta kumbura ta turo. Hoton da aka ɗauka kai a rufe ya zama tsohon labari. Maganinsa ƙaramin rami, da aiki ba ɓata lokaci, da kula da numfashi. A nan ne maganar hoto ta haɗu da maganar barci.

Allura ko iska

Kafin a kwatanta magunguna, a dubi jikin da za a sa wa su. Jinin mamoset mai giram 350 gaba ɗaya bai wuce mililita 25 ba. Zubar mililita 2 da rabi, wato rabin ƙaramin cokali, ya kai kashi 10 cikin ɗari, kuma 'yan ƙullin auduga kaɗan sun isa su shanye wannan ba wanda ya ankara. Iskar da yake ja a numfashi guda mililita 3 zuwa 4 ce. Zafin jikinsa yana zubewa da sauri, sukarin jininsa ma haka, shi ya sa ba a barinsa da yunwa tsawon dare kamar yadda ake yi wa babbar dabba. Yawancin abin da ke kashe ƙaramin biri a kan tebur ko ya jinkirta farfaɗowarsa daga nan yake fitowa: sanyi, ƙarancin sukari, toshewar numfashi. Sunan maganin yana biyo baya.

Ketamin shi ne tsohon abokin masu aiki da birai. Yana da arha, ana yin sa a tsoka, yana kama dabba da sauri, ba ya danne numfashi da bugun zuciya sosai, kuma yana rage zafi. Amma ba ya sakin tsoka, yana kawo dalalar miyau, farfaɗowa daga gare shi ba ta da daɗin kallo, kuma ruwansa mai tsami ne, yana ƙona nama. A cinyar makak wannan ba wani abu ba ne, a 'yar cinyar mamoset kuwa babban abu ne. Wani bincike da Jaco Bakker da abokan aikinsa suka yi a cibiyar binciken birai ta Rijswijk a ƙasar Holan, aka wallafa a 2013, ya kwatanta ketamin shi kaɗai, ketamin da medetomidin, da alfaksalon, ya kuma sami alamun lalacewar tsoka a jinin waɗanda aka yi wa ketamin. Ga wanda bincikensa ya shafi koyo ko sauyin mahaɗar jijiyoyi akwai ƙarin abin dubawa, tunda ketamin toshe wata makarɓar saƙo ta ƙwayoyin jijiya mai suna NMDA yake yi, wadda ita ce ƙofar wannan sauyin.

Haɗa shi da medetomidin ko deksmedetomidin, magungunan kwantar da dabba, yana rage yawan ketamin ɗin, yana sakin tsoka, ga kuma atifamezol da ke warware rabin haɗin idan an gama. Don ɗan gajeren CT, wannan ba laifi. Sai dai yana sauke bugun zuciya, yana matse jijiyoyin fata har na'urar auna oksijin ta riƙa ɓatan karatu, sa allurar ƙarin ruwa a jijiyar wutsiya ya zama wahala, kuma yana hargitsa sukarin jini. Tiyatar awa uku ko huɗu da irin wannan haɗi tana nufin ƙara allura a tsakiyar aiki, barci ya riƙa hawa da sauka. A tiyatar ƙwaƙwalwa, inda motsi ɗaya na iya yaga nama, ba na son haka.

Alfaksalon ya samu karɓuwa a mamoset da dalili. Tsohon haɗinsa mai suna Saffan yana da wani mai da ke tayar da borin jini a wasu dabbobi. Sabon, Alfaxan, an narkar da shi da wani sinadari dabam. Yana sa barci sumul, tsoka ta saki, zuciya ba ta cika damuwa ba, kuma ana iya yin sa a tsoka ko a jijiya. Aibinsa biyu ne. Na farko, ba ya kashe zafi ko kaɗan. Na biyu, yawan ruwan. A ɗauki sirinji a lissafa: maganin yana zuwa da miligiram 10 a kowace mililita, idan aka bi awon miligiram 12 ga kowane kilo, dabba mai giram 350 za ta buƙaci mililita 0.42. Wannan ya yi wa cinya ɗaya yawa, dole a raba shi biyu, wato huda biyu ga dabbar da ake riƙe da ita a farke. Akwai kuma gargaɗin da ya kamata a rubuta a bango: wannan ƙungiyar ta Holan ta ba da rahoto a 2018 cewa idan aka fara ba da bufirenofin, maganin zafi na dangin ofiyam, sannan aka bi da alfaksalon ta jijiya, mafi yawan mamoset ɗin sun ɗauke numfashi. Duk wanda zai haɗa su ya kasance bututu da abin hura iska suna hannunsa. Furofofol, wani maganin sa barci, shi ma haka yake ta wannan fuskar: ta jijiya kaɗai, ba ya kashe zafi, yana iya tsayar da numfashi, amma yana rage jinin da ke kwarara cikin ƙwaƙwalwa, abin da mai tiyata ke so idan yana tsoron kumburi.

Iskar barci, isofuloren ko sebofuloren, fifikonta guda ne kuma babba: ana juya maɓalli barci ya ƙaru ko ya ragu cikin mintoci, idan aka kashe kuma huhu ne ke fitar da ita. Ga dogon aiki babu kamarta. Sebofuloren ya fi saurin shiga da fita kuma ba ya da kaifin wari, isofuloren ya fi arha kuma an fi saninsa. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai a ɓata dare a kansa ba. Dukansu suna buɗe jijiyoyin jini, jini ya sauka, zafin jiki ya ƙara zubewa, ƙwaƙwalwa ta ƙara cika da jini idan an yawaita. Dukansu ba sa barin wani maganin zafi a jiki bayan an farka. Suna kuma buƙatar kaya: tukunyar oksijin, na'urar tururi, da hanyar janye iskar da ta tsere don kada ma'aikata su shaƙa.

A nan wata ƙaramar shawara take ɓoye, takunkumi ko bututu. Takunkumi ya fi sauƙi, amma da zarar an ɗaure kai a firam an lulluɓe, hanyar numfashi ta fita daga hannunka, biri kuma yana iya amai. Bututun maƙogwaro mai faɗin milimita 2 aiki ne na gwani. Maƙogwaron gajere ne, ɗan turawa kaɗan bututu ya faɗa huhu ɗaya, ɗan majina kaɗan ya toshe, lanƙwasa wuya a firam kuma na iya matsar da shi bayan an riga an tabbatar da zamansa. Mahaɗin roba da ba a kula da shi a babbar dabba ba yana iya ɗaukar rabin numfashin mamoset, ya riƙa maimaita iskar da ya fitar. Duk da haka ga buɗe kai na fi son bututu da na'urar numfashi, domin iskar kabon da ta taru a jini tana buɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Sau da yawa idan mai tiyata ya ga ƙwaƙwalwa tana turowa ta rami, kafin a nemi maganin rage kumburi irin manitol ko deksametason, abin da ya kamata a fara duba shi ne numfashi.

Tsarin da zan zaɓa ga tiyatar da ake son dabba ta tashi shi ne gauraye: alfaksalon don kamawa, bututu, iskar barci a mafi ƙarancin da zai riƙe, sannan a ɗauke wa iskar nauyin kashe zafi. Wato allurar kashe wuri irin lidoken ko bufibaken a layin yanka, man kashe zafi a kan sandunan kunne domin suna da ciwo ƙwarai, meloksikam, da ɗan maganin dangin ofiyam a lokacin da ya dace. Duk abin da ya rage yawan iskar ya rage saukar jini da zubewar zafin jiki. Shimfiɗar ɗumi, ruwan jijiya mai ɗumi da ɗan sukari, da mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon dabbar, waɗannan ba ƙari ba ne.

Idan kuma abin da ake so shi ne naɗar aikin jijiyoyi a lokacin barcin, lissafi ya juya. Isofuloren yana danne ɓawon ƙwaƙwalwa, idan ya yi yawa ma sai a ga sigina tana fashewa tana yin shiru. Shi ya sa masu nazarin gani suke buɗe kai da iska ko alfaksalon, sannan su koma kan sufentanil, maganin dangin ofiyam, da iskar naitiros mai rage zafi lokacin naɗa, wani lokaci da maganin shanye tsoka don ido ya tsaya cak. Wannan hanya ce ta gwaje-gwajen da dabba ba za ta farka ba, kuma tana da nauyi a wuya: dabbar da aka shanye wa tsoka ba ta iya nuna tana jin zafi, sai dai a karanta daga zuciya da hawan jini da igiyar ƙwaƙwalwa. Dokoki irin na Tarayyar Turai na 2010 da na Birtaniya na 1986 sun tsananta a kan wannan, kuma sun yi daidai. Ga hoton aikin ƙwaƙwalwa kuwa, ɗakunan bincike irin na Afonso Silva sun nuna ana iya horar da mamoset ya kwanta a MRI a farke cikin hular da aka ƙera daidai kansa. Horon na cin makonni, amma dabbar da ta saba za a iya ɗaukar hotonta sau da yawa ba allura ba iska.

Yadda zaɓin ke haɗuwa

Gurbi mai zurfi kuma ƙarami, ko allurar ƙwayar cuta mai ɗauke da saƙon gado wadda ba a janye ta idan ta tafi: MRI na dabbar kanta, ba ja-in-ja. Ƙarin barcin awa ɗaya ya fi a yi asarar dabba guda da aikin shekara, kuma wannan shi ne ainihin abin da ƙa'idar rage yawan dabbobi da tausasa musu, wadda Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959, take nufi. Dashe a kan ƙashi bisa yanki mai faɗi: gajeren CT da taswira sun wadatar, a ƙara MRI idan akwai hali. Yanki mai faɗi a sarari da za a iya tabbatarwa da waya a kan tebur: taswira kaɗai ba abin kunya ba ce. Ɗakin binciken da na'urar MRI take wani gini mai nisa ya lissafa tafiyar ma, domin ɗaukar mamoset mai barci a hanya wata dama ce ta sanyi da ficewar bututu. A cikin na'urar kanta dabbar ta yi nisa da hannu, iska mai sanyi na kaɗawa, kuma kayan sa ido sai waɗanda maganaɗisu ba ya damu da su.

Jarirai su ne inda taswira ta gaza gaba ɗaya. Taswirar babba ba ta dace da kan da ke girma kowane mako ba, ƙashin yana da laushi har sandunan kunne na iya murɗe shi, don haka hoto tilas ne. Amma a nan ne kuma barci ya fi tsada. Nazarin jariran birin makak ya nuna ketamin da isofuloren na tsawon awanni suna kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu tasowa, kuma irin wannan shaida na cikin abin da ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a Disambar 2016 kan dogon barci ko maimaitacce ga yara 'yan ƙasa da shekara 3. Mai nazarin girman ƙwaƙwalwa dole ya tanadi 'yan'uwan gwaji da aka sa barci daidai tsawon lokacin ba tare da tiyata ba, in ba haka ba ba zai iya raba aikin wuƙarsa da aikin maganin ba. Ga kuma agogo: jaririn mamoset a bayan iyayensa yake rayuwa, uban ma yana goyo, sai a mayar da shi da ɗuminsa ya kama nono cikin sauri.

Babba ma bai kamata a ware shi ya daɗe ba. A ajiye shi a akwatin ɗumi har ya iya riƙe reshe, a ba shi abinci mai laushi, a bar shi yana ji yana ganin abokin zamansa, a riƙa auna nauyinsa kullum tunda mamoset gwanin ɓoye ciwo ne. Ma'aikacin da ke da ƙurajen zazzaɓi a leɓe kada ya kusanci ɗakin, domin wannan ƙwayar cutar da mutum ke ɗauka da wasa tana kashe mamoset. Kafin dabba mai rai ta farko ta hau tebur, a gwada dukan sarƙar, daga hoto zuwa firam zuwa allura, a kan gawar da aka samu daga wani aikin: a zuba ɗan rini a gurbin da aka tsara, a yanka a auna tazarar da ke tsakanin inda aka nufa da inda aka sauka. Idan tazarar ta fi rabin faɗin gurbin, a koma kan sandunan kunne da awon na'urar kafin a nemi ranar tiyata.